Akuya a turke da shinge mai kusurwa uku: Irin lissafin da 'ya'yanmu suka cancanta

Mai karatu, bari in fara da wata tambaya da ke yawan fitowa a littattafan lissafi na makarantun sakandare, sai dai zan sanya mata tufafin gida. An kafa turke a fili, an ɗaure akuya da igiya mai tsawon mita 3. Duk zagayen da za ta yi, iyakar inda za ta kai da'ira ce, turken yana tsakiyarta. Sai mai akuyar ya so ya kewaye wurin da shinge mai gefe uku, duka gefunan tsawonsu ɗaya, kowane gefe kuma ya shafi bakin da'irar ba tare da ya kutsa cikinta ba. Mene ne girman filin da shingen ya kewaye?

A bakin masana, abin da ake nema shi ne girman filin alwatika mai daidaitattun gefuna wadda aka zana a kewayen da'ira. Amsar da ke bayan littafi gajeriya ce: a ninka tsawon igiya da kansa, a ninka abin da ya fito da 3, sannan a sake ninkawa da tushen 3, wato lambar nan da in aka ninka ta da kanta take ba da 3, wadda ta kusa 1.732. Ga igiya mai mita 3, filin ya kai kimanin murabba'in mita 46.8. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai haddace wannan kafin shayi ya huce. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, a shekarun da na shafe ina koyarwa a jami'a, shi ne ƙarancin waɗanda za su iya faɗin dalilin da ya sa amsar ta zama haka. Ɗalibi zai zo da sakamako mai kyau na WAEC ko NECO, ya zuba maka ƙa'idar tiryan-tiryan, amma da zarar ka tambaye shi daga ina 3 ɗin ya fito, sai ya sunkuyar da kai. Ba na ganin laifinsa. Ƙa'idar aka ba shi aro, ba a nuna masa inda aka saƙa ta ba, kuma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Alhali kuwa dalilin ba shi da nisa. Duk wanda ke da tsinke da rairayi zai iya bin sa, don haka ina roƙon mai karatu ya ba ni aron haƙurinsa mu bi shi tare.

Matakin farko, ja layi daga turke zuwa kowace kusurwa ta shingen. Filin ya rabu gida uku ke nan, kowanne ƙaramar alwatika ce da ta kwanta a kan gefe ɗaya na shingen, ƙoƙuwarta kuma tana kan turke. Idan akuya ta miƙe igiya har ta taɓa shinge, igiyar tana haɗuwa da shi ne a tsaye ƙyam, kamar yadda bango ke haɗuwa da daɓe, wato a kusurwa mai digiri 90. Kuma saboda gefunan daidai suke, a tsakiyar gefe take sauka. Igiyar ta sake raba kowace alwatika biyu, muka sami ƙananan alwatika shida, tamkar an yanka su da ma'auni ɗaya. In mun san girman guda, mun san na duka.

Mataki na biyu, mu ɗauki guda daga cikin shidan. Kowace kusurwa ta babban shingen digiri 60 ce, layin da ya taso daga turke kuma ya raba ta biyu, digiri 30 kowane ɓangare. Saboda haka ƙaramar alwatikarmu tana da kusurwoyi masu digiri 30 da 60 da 90. Irin wannan alwatika rabi ce ta wata alwatika mai daidaitattun gefuna da aka naɗe biyu, shi ya sa guntun gefenta yake rabin dogon gefenta. Guntun gefen shi ne igiya. Ashe tazarar da ke tsakanin turke da kusurwar shinge ninki biyu ce ta igiya, wato mita 6 a misalinmu.

Mataki na uku, mu nemo gefen da ya rage, wanda shi ne rabin tsawon shinge ta gefe ɗaya. A nan ne tsohuwar ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras take aiki: 6 sau 6 ya ba da 36, a cire 3 sau 3 wato 9, saura 27. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 27 ta kusa 5.196. Girman ƙaramar alwatika rabin 3 sau 5.196 ne, kimanin 7.79, shida kuma sun tashi 46.8. Mun iso amsar da ke bayan littafi, amma a wannan karon da ƙafarmu muka zo. Mun kuma tsinci wasu abubuwa a hanya: kowane gefe na shingen mita 10.4 ne, shingen gaba ɗaya yana bukatar kimanin mita 31 na kara ko waya, kuma daga tsakiyar gefe zuwa kusurwar da ke fuskantarsa tsawon igiya uku ne cif, ɗaya zuwa turke, biyu daga turke zuwa kusurwa.

Na tashi a Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, a gaɓar Tafkin Kainji, kuma zan iya cewa na ga wannan siffa tun kafin in ji sunanta. Murhun kakata duwatsu uku ne, tukunyarta kuwa zagayayya ce. Tukunyar tana taɓa kowane dutse a wuri ɗaya tak. Kafin ta ɗora sanwa takan gyara zaman duwatsun har sai tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai, domin ta san in biyu suka matsu, na ukun ya yi nisa, tukunya za ta karkata. Da za a ɗora miƙaƙƙen kara a jikin tukunyar a daidai inda kowane dutse ya taɓa ta, karan nan uku za su haɗu su ba da ainihin alwatikar da muka gama lissafawa. Ba ina cewa kakata ta san tushen 3 ba. Abin da nake cewa shi ne idon yaron da ya girma a gindin murhu ya riga ya saba da siffar, aikin malami kawai ya ɗora lamba a kan abin da idon ya sani.

Haka abin yake a kan ruwa. Masuncin da ya iya jefa birgi, idan ya wurga shi yakan buɗe ya sauka a kan ruwa a matsayin da'ira. Wani ƙanin mahaifiyata da ya tsufa a sana'ar su ya taɓa ce mini, da murmushin zolaya irin na kawu da ɗan 'yar'uwarsa: “Dakta, ku da kuka yi boko, ka san birgin da ya ninka wani a tsawo ba ninki biyu yake rufe ruwa ba? Zaren da yake ci kaɗai ya isa ya gaya maka.” Na ce masa, “Kawu, ninki huɗu ne.” Ya ce shi bai ƙirga ba, amma hannunsa da aljihunsa sun shaida. Gaskiyarsa. Birgin da ya buɗe mita 2 daga tsakiya zuwa baki yana rufe kimanin murabba'in mita 12.6, wanda ya buɗe mita 4 kuma yana rufe 50.3. Dalilin shi ne wancan “a ninka igiya da kanta” da muka gani a ƙa'idar alwatika. Manomin rani da ke tunanin sauya bututun ban-ruwa mai faɗin inci 2 da mai inci 4 yana fuskantar lissafi iri ɗaya, domin bakin bututun zai ƙaru ne sau huɗu.

Mu koma ga akuyarmu, akwai sauran darasi a jikinta. Da'irar da take kiwo a ciki murabba'in mita 28.3 ce, shingen kuwa ya kewaye 46.8. Wato kusan kashi 40 cikin 100 na filin da aka sha wahalar killacewa yana maƙale a kusurwoyi uku da bakin akuya ba zai taɓa kaiwa ba. Wannan rabo ba ya sauyawa, igiyar ta zama taku ɗaya ko kilomita ɗaya: da'ira tana cin kashi 60 da ɗan ɗoriya, kusurwoyi suna riƙe saura. Duk da haka, a cikin dukkan alwatikan da za a iya zanawa a kewayen wannan da'ira, mai daidaitattun gefuna ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuma mafi ƙarancin cin kara. Da mai akuya zai yi shinge mai gefe huɗu, filin zai dawo murabba'in mita 36, da'ira ta ci fiye da kashi 78. Da zai yi mai gefe shida, irin ɗakunan saƙar zuma, filin zai dawo 31.2, da'ira ta ci fiye da kashi 90. Gwargwadon yawan gefuna, gwargwadon yadda shinge ke rungumar da'ira.

Wannan tunani ne Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bi ya kama lambar da ake kira fai, wato sau nawa faɗin da'ira yake shiga cikin kewayenta. Ya fara da siffa mai gefe 6 a ciki da wajen da'ira, ya yi ta ninka gefunan har suka kai 96, ya tabbatar cewa lambar ta fi 3 da 10 bisa 71, amma ba ta kai 3 da 1 bisa 7 ba. Wannan 22 bisa 7 da ake sa yaranmu haddacewa kamar daga sama ta faɗo, asalinta shinge ne da aka yi ta matsowa jikin da'ira. Kafin shi, Uƙlidis na Iskandariyya ya keɓe kashi na huɗu na shahararren littafinsa mai kashi 13 ga yadda ake zana siffofi a ciki da kewayen da'ira, har da alwatika.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a gidanmu. A Bagadaza, Hajjaj bn Yusuf bn Matar, wanda ba shi ne gwamnan nan na zamanin Umayyawa ba, ya fassara littafin Uƙlidis zuwa Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashid. A zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, ya sanya babi a kan awon filaye, ya kuma ba da wani babban kaso na littafin ga lissafin wasiyya da gado. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi musamman a kan abin da masu sana'ar hannu ke bukata na ilimin handasa, domin magini da masassaƙi su amfana. A ƙasar Hausa ma muna da Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin tsara lambobi a cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Waɗannan malamai sun ɗauki lissafi a matsayin abin da ake kafa wa hujja, kuma abin da ake warware matsalar jama'a da shi.

Matsalar jama'a kuwa tana nan a gabanmu, kuma ta ƙasa ce. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya biyo baya ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya kuma tilasta sauya wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa da dama da ke zaune a tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri. Tun daga lokacin, rayuwar mutanen gaɓa a Ngaski da Yawuri da Shanga tana bin hawa da saukar ruwa. Idan ruwa ya janye sai ƙasa mai danshi ta bayyana a noma ta, idan ya dawo ya shafe alamun iyaka. Gonakin da ake samu a irin wannan wuri ba safai suke zuwa da kusurwa huɗu kamar shafin littafi ba. Wata ta yi baki kamar ƙaho, wata ta lanƙwashe ta bi gaɓa. Hanyar da masu awon ƙasa suka daɗe suna bi wajen sanin girman irin wannan gona ita ce wadda muka bi ɗazu: a yayyanka ta zuwa alwatika, a auna kowace, a tara. Takin zamani da irin shuka da maganin feshi duk da kadada ake ƙiyasta su, kadada ɗaya kuwa murabba'in mita 10,000 ce. Manomin shinkafa ko albasa da bai san girman gonarsa ba, ko dai ya zuba fiye da kima ya yi asarar kuɗi, ko ya gaza ya yi asarar amfani.

Abin ya fi tsanani idan aka zo rabon gado. A ɗauka 'yan'uwa maza biyu sun gaji gona mai siffar alwatika, rabonsu daidai. Aka auna daga ƙoƙuwar gonar zuwa gindinta, aka tsaya a tsakiya, aka ja iyaka a gicciye. A ido an raba biyu. A lissafi kuwa, wanda ya sami ɓangaren ƙoƙuwa kashi ɗaya cikin huɗu ya samu, ɗan'uwansa ya tafi da uku. Kafin rabon ya yi daidai, sai an sauko da iyakar zuwa kimanin kashi 71 cikin 100 na tazarar, in an fara ƙirge daga ƙoƙuwa. Shari'a ta fayyace rabon kowa, malamanmu kuma sun ƙware a ilimin fara'id. Amma idan aka zo sauke rabon daga takarda zuwa ƙasa, igiya da lissafin fili ne ke aiki, kuma kuskure a nan haƙƙin wani ne, sau da yawa na mace ko maraya da ba su da bakin magana. Zumunci nawa ya lalace a kan iyakar gona, alhali babu wanda ya yi niyyar zalunci, ido ne kawai ya yaudari kowa?

Wannan ya sa nake ganin yadda muke koyar da lissafi ya wuce batun cin jarrabawa. Yaron da aka nuna wa dalilin da ya sa alwatikar nan ta rabu shida ya koyi wata ɗabi'a: idan abu ya yi masa girma, ya yanka shi zuwa ƙananan da ya sani, kuma kada ya karɓi lamba daga bakin kowa sai ya ga hujjarta. Wanda aka ba hadda kawai, da zarar an sauya tambayar, aka ba shi tsawon shinge aka ce ya nemo igiya, sai ya tsaya cik.

Harshe yana da hannu a wannan matsala. Yaro a Warra yana iya tashi da Hausa, ko da Kambarci ko Gunganci a gida da Hausa a kasuwa, sai ya shiga aji a haɗa masa kaya biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙon tunani. Idan suka yi masa nauyi, sai ya ajiye tunanin ya riƙe kalmomin, domin su ake tambaya a jarrabawa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare darussansu da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa koyo da harshen gida bai dakushe yaran ba, har a Turancin kansa. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare. Sai dai manufa aba ce da gwamnati ke kafawa ta kuma sauya, kuma ba na so malamin aji ya zauna jiran Abuja. Babu dokar da ta hana shi fita da yara filin makaranta da turke da igiya da kara uku, ya bayyana musu abin da Hausa har su gane, sannan ya koma aji ya ba su sunayen da Turanci domin jarrabawa. Gani ya kori ji. Kayan aikin nan ba sa bukatar kwangila ko wutar lantarki.

Akwai masu cewa manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, aji ya cika maƙil, malami kuma yana fama da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Duk gaskiya ne, kuma ba na raina wahalar malaman karkara, domin su suka yi ni. Amma darasin da na zayyana a sama bai wuce na minti arba'in ba, kuma wanda ya fahimce shi sau ɗaya ya huta da haddar ƙa'idoji da dama da suka rataya a kansa. Hadda ce mai cin lokaci, tunda kowane zango sai an sake ta.

Sannan akwai wani nauyi da ya hau kanmu mu 'yan wannan yanki. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yawuri, suka yi awon gaba da ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan kuma suka daɗe ƙwarai a hannunsu. Duk uban da ya ci gaba da tura ɗansa ko 'yarsa makaranta bayan wannan, ya yi jarunta, ya kuma ba mu amana mai tsada. Bai kamata sakamakon wannan amana ya zama takardar shaida da tarin ƙa'idojin da yaro ba zai iya auna gonar mahaifinsa da su ba.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kebbi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar da su sanya irin wannan koyarwa ta igiya da turke a cikin bitar da ake yi wa malamai. Ina kira ga kwalejojin horar da malamai da mu malaman jami'a, a Birnin Kebbi da Aliero da sauran wurare, mu zauna da masana Hausa mu daidaita kalmomin lissafi, mu rubuta ƙananan littattafai masu misalai daga murhu da birgi da rumbu da gona. Ina kuma roƙon malamanmu masu rabon gado da su riƙa tafiya da wanda ya san awon fili duk lokacin da gona za ta rabu. Iyaye kuwa, ko ba ku yi boko ba, idan yaro ya dawo ya ce an koya masa ƙa'ida, ku tambaye shi dalilinta, ku ce ya zana muku a ƙasa. In ya iya, malaminsa ya cancanci godiya. In ya kasa, ku tura shi ya sake tambaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.